Ƙarfen da Ke Bayan Babana

Ba jifa ba ne. Da wannan zan fara, domin har yau in na shiga kasuwa sai wata ta riƙe mini hannu ta ce Allah ya saka wa Saja, an ji an ciro ƙarfe a bayansa. Babu wanda ya jefi babana. Ba aljanun daji ba ne, ba kuma mutanen da ya harba ne suka biyo shi gida ba, kamar yadda masu zaman teburin mai shayi a Yelwa suka yanke hukunci. Ƙarfen nan ya girme ni. Kuma saura ƙiris mu kashe shi da bakinmu, mu 'yan gidansa, saboda mun yarda da abin da ya rubuta. Duk mai tsohon soja a gida ya karanta wannan har ƙarshe.

Babana Saja Hammadu ne. Kafin a haife ni aka tura su wata ƙasa ta bakin teku kwantar da yaƙi. Da ya bar aiki sai ya kama rubuta ƙananan littattafai a kan abin da ya gani, ana bugawa a nan Jalingo, ana sayarwa a tasha da bakin masallaci. Wanda ya fi tafiya shi ne Bakwai Muka Fita. A ciki ya ce bam ya faɗo a tsakiyarsu su bakwai, shida suka mutu, shi ya miƙe da riga kamar rariya amma ko ƙwarzane babu a jikinsa. Dalili kuwa, layar da yayansa, Baffa Umaru, ya ɗaura masa a damtse ranar tafiya. Tun daga nan, duk shekarar da aka ɗebi sababbin sojoji, sai iyaye mata su yi ta sallama a gidanmu. Baba ya tura su wurin Baffa, Baffa ya samo musu irin layar. Baffa bai taɓa karɓar komai a hannunsu ba. Shi a ganinsa taimako yake yi.

Tun da na gama sakandare ni nake buga wa Baba rubutunsa a kwamfuta, don haka shafin bam ɗin nan na haddace shi. Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba shi ne, ban taɓa ganin babana ba riga ba. Zafin Jalingo kowa ya san shi, maza na zama a ƙofar gida da gajeren wando, shi kuwa kullum da singileti mai kauri a ƙarƙashin jamfa. Inna ce kaɗai ke shiga in yana canja kaya, ita kuma ta rasu ina aji biyu.

Da rashin lafiyar ta fara, satin farko ciwon baya ne kawai. Amma tafiyarsa ta canja. Sai ya duƙa, ya mayar da hannayensa biyu baya ya sarƙe su a ƙasan ƙugu, kamar mai goyon babban mutum. Na sayo man zafi a kemis na ce ya juya in shafa masa. Ya karɓe kwalbar, ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa.

Sati na biyu zazzaɓi ya shigo, kuma yana da lokacinsa. Ana idar da azahar zai fara. Rana tsaka, kaji na yawo a tsakar gida, sai in ji shi daga ɗaki yana magana a hankali, irin muryar lallashi.

"Riƙe wuyana da kyau. Kada ka saki. Saura kaɗan."

Na leƙa. Shi kaɗai ne.

"Baba, da wa kake magana?"

"Wa ya yi magana, Dada?"

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Dada. Na ce ni dai gobe asibiti za mu. Muka yanki kati da sassafe, ba mu ga likita ba sai da rana ta take. Ya danna bayan ta saman riga, Baba ya cije leɓe. Ya rubuta a je a ɗauki hoton ƙashin baya. Muna fita Baba ya ninke takardar, ya cusa a hularsa, ya ce in tsayar mana da keke.

"Hoton fa?"

"Hoto na masu neman aure ne."

Na yi masa faɗa tun daga bakin asibiti har gida, har mai keken ya ce in ji tsoron Allah. 

A sati na uku muka sauko da shi kan katifa a falo don ya sha iska. Ƙanwarsa, Goggo Dudu, ta taso daga unguwar Sarkin Dawaki da ƙullin turare da jarkar rubutu ta tare a gidanmu. A ranar ne ya ce in ɗauko masa kamfas ɗinsa na soja, wanda ke kan teburin rubutunsa kullum, in duba masa alƙibla tunda a kwance zai yi salla. Na ɗauko na aza a kan katifa, dab da bayansa. Allurar ta yi rawa, ta bar inda take nunawa, ta juya ta nuna shi.

Na ɗauka lalacewa ya yi. Na matsa tsakiyar ɗaki, ta koma daidai. Na dawo kusa da bayansa, ta sake karkatowa a hankali, kamar kan mutumin da aka kira sunansa. Sau uku ina gwadawa. Goggo na tsaye a kaina da kasko a hannu. Ta ajiye shi, ta ja da baya har ta jingina da bango, bakinta na motsi.

"Akwai wani tare da shi," in ji ta.

Kafin la'asar magana ta zaga dangi. Wani ya ce a kai shi wurin mai ruƙiyya a Kona. Wata ta ce a yanka baƙin zakara. Baffa ya kawo wani mutum mai ƙaho da ke ciro allurai a jikin waɗanda aka jefa. Mutumin ya ce a cire riga. Baba, da ko kofi ba ya iya ɗagawa, ya riƙe wuyan singiletinsa da hannu biyu ya ce duk wanda ya taɓa shi bai yafe ba. Sai aka yi ƙahon a ƙafa, aka ciro baƙin jini, aka ce an samu sauƙi. Ba a samu komai ba. Ni na yi kimiyya a makaranta, na san abin da ke jan allurar kamfas. Amma na haddace shafin nan, kuma babana ne ya rubuta shi. Sai na kama bakina.

Sati na huɗu ƙafafunsa suka fara mutuwa. In na tsunkule shi a tafin ƙafa ba ya ji. Wata Talata da rana, Goggo ta tafi kasuwa, zazzaɓi ya kwantar da shi har bai san inda yake ba, na ga singiletin ta jiƙe da wani ruwa rawaya a tsakiyar baya, ga wari. Ban nemi izinin kowa ba. Na ɗauko almakashi na tsarge ta daga ƙasa har wuya.

Kafaɗunsa biyu, da gefen haƙarƙari, da ƙasan ƙugu, duk ƙananan tabo ne masu zurfi, kamar an watsa tsakuwa a kan ɗanyen yaɓe. Tsakiyar bayan kuwa sumul. Wurin da ba tabon yana da faɗi a sama, ya tsuke a ƙasa, kamar an kwantar da wani abu a kai ya tare masa. A tsakiyar wannan sumul ɗin, gefen ƙashin baya, tabo ɗaya ne tak. Shi ne ya kumbura ya yi ja yana tsiyaya.

Ban san ya farka ba sai da na ji ya damƙe mini wuyan hannu.

"Ba ki ga komai ba, Dada."

"Na gani."

"Ki rantse ba za ki faɗa ba."

Ban rantse ba. Amma ban faɗa ba, kuma wannan laifina ne, ba na kowa ba. Na wanke wurin da ruwan gishiri, na sa masa wata singiletin, na cusa tsohuwar a murhu kafin Goggo ta dawo.

Sati na biyar fitsari ya daina riƙuwa. Baffa ya ce ko yana so ko ba ya so asibiti za a koma, shi ne babba. Likita ya ɗaga rigar daga ƙasa kaɗan, iya inda Baba ya yarda, ya ga kumburin, ya tambayi tabban da ke gefe. Baba ya ce agana ce ta yarinta. Baffa ya ce ƙwarai, ya yi ta suna ƙanana. Ina tsaye ina jin su. Likitan ya ce abin ya taɓa jijiyar baya, babu lokacin ɓatawa, a wuce da shi Gombe a saka shi a babban injin da ke ganin jijiya.

Ba zan ba da labarin hanya ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mara lafiya a kwance ta hanyar Numan ya san yadda kowane rami ke fitowa ta bakin mai ciwo. Ba kuma zan yi maganar abin da aka sayar ba. An sayar.

Kwana biyu muka yi a layi kafin a kira mu. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta fito da takarda, Baba na kan gadon turawa a baranda, ni da Baffa muna gefensa, ga sauran masu jira a kan benci. Ta sa aka cire masa zobe da agogo. Ta nuna layar damtsensa ta ce ita ma. Baffa ya kwance ta da kansa, ya sa a aljihu. Sannan ta faɗi maganar da har yau ban manta ba.

"Injin nan maganaɗisu ne, kuma ba ya barci ko an ɗauke wuta. In akwai ƙarfe a jikin mutum, zai ja shi ta duk hanyar da ya ga dama. Baba, an taɓa yi maka aiki an sa ƙarfe? Harsashi ko ɓarɓashin wani abu ya taɓa shiga jikinka?"

Baffa ya yi dariya, ya juya ga masu benci don su ma su ji.

"Yarinya, kin san wanda kike tambaya kuwa? Wannan ƙarfe bai taɓa cin sa ba. A rubuce yake, a littafi."

"Shi nake tambaya, Alhaji."

Baba ya kalli silin. Ya ji duk abin da ta ce, idonsa biyu, hankalinsa ɗaya.

"Babu," in ji shi.

Ta miƙa masa biro ya sa hannu. Ta kira wani ya zo ya tura gadon.

Kamfas ɗin na cikin jakata, don da shi nake duba masa alƙibla a hanya. Ban san abin da ya sa na ciro shi ba. Allurar ba arewa take nunawa ba. Ta miƙe ƙyam tana nuna ƙofar ɗakin injin, ba ta ko rawa. A gida bayan babana take nunawa tana ɓari. A nan ta samu abin da ya fi shi ƙarfi, kuma can ake tura shi.

Na sha gaban gadon na riƙe.

"Akwai ƙarfe a bayansa."

"Ke, shiga hankalinki," in ji Baffa. "A gaban mutane?"

"Akwai. Na gani da idona."

Baba ya juyo da kansa. Bai ɗaga murya ba.

"Ƙarya take yi."

Shekara ashirin da biyu bai taɓa ce mini haka ba. Amma ban saki gadon ba. Na ce wa mai tabarau in ta tura shi ciki, ta tura ni tare. Ta dube ni, ta dube shi, ta karɓe takardar daga hannun mai turawa ta ninke.

"A kai shi hoto na gama-gari tukuna," in ji ta. "In ƙarya take yi, awa ɗaya kawai kuka yi asara."

Allah ya saka wa matar nan da alheri. Ko sunanta ban tambaya ba.

Da hoton ya fito likita ya ɗaga shi a jikin taga. Fararen ɗigo birjik a kafaɗu da ƙugu, kamar an zubar da shinkafa a baƙin faranti. Tsakiya wayam, sai guda ɗaya babba, a manne da ƙashin baya. Ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Da ya shiga injin, ba mu san inda wannan zai tsaya ba."

Baffa ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Ya ce wa likita ko an yi musaya da na wani. Likita ya nuna masa sunan. Sai Baffa ya fita. Na same shi a gindin wata bishiya a harabar asibitin, ya cire hula, layar na tafin hannunsa. Na ɗauka zagina zai yi. Bai ko kalle ni ba.

"Yara nawa na ɗaura wa wannan?" ya ce.

Ba ni yake tambaya ba.

Aka yi tiyata, aka kwashe mugunyar, aka ciro babban. Sauran likita ya ce a bar su, sun zauna da tsoka, tono su ya fi barinsu haɗari. Suka ba ni shi a 'yar kwalba. Baƙi ne, mai kaifi a gefe ɗaya, bai kai ƙwallon dabino ba.

Kwana tara Baba bai yi mini magana ba. Ina juya shi, ina goge shi, ina ba shi kunu a cokali, yana karɓa yana kallon bango. In yana son wani abu sai ya faɗa wa nas ta faɗa mini, ina tsaye a wurin. Nas-nas ɗin nan sun yi haƙuri da mu. Akwai wata mata 'yar Zing da ke jinyar mijinta a gadon gefe, kullum sai ta raba abincinta biyu ta ce da irin Hausarsu, "Ci, yarinya, kai ma mara lafiya ne." Dangi kuwa, da yawansu ba dubiya ta kawo su ba, kwalbar suka zo gani. Goggo ta riga ta faɗa musu ta waya cewa an ciro jifan. Na gaji da gyara musu magana na daina fito da ita.

Rana ta goma, bayan azahar, daidai lokacin da zazzaɓin nan yake zuwa da, ya ce, "Dada, kawo kwalbar."

Ya ɗaga ta ya girgiza, ƙarfen ya yi ƙara a ciki.

"Kin tuna Istifanus?"

Na tuna. Layi ɗaya ne nasa a littafin: Kofur Istifanus, mutumin Sunkani, yana cikin shidan.

"An harbe shi a cinya tun da safe. Ni na goya shi. Ya fi ni tsawo, ƙafafunsa na jan ƙasa. Yana ta ba ni labarin gonar doyarsa don kada ya suma, yana ce mini in muka koma sai na ci doya har na tuba. Sai bam ɗin ya faɗo a bayanmu." Ya juya kwalbar a hannunsa. "Abin da ya same ni a gefe, wanda ya kuskure shi ne. Wannan kuwa ta cikin ƙirjinsa ya biyo kafin ya iso gare ni. Na ci gaba da tafiya da shi har sansani. Ina ce masa saura kaɗan. Ban san tun yaushe ya daina amsawa ba."

Na tambaye shi me ya sa bai rubuta haka ba.

"A can aka ɗinke ni, na warke kafin a dawo da mu. Ina sauka a tasha Umaru ya ɗaga hannuna sama yana nuna wa mutane layar. Dada, mahaifiyarmu, tana kuka. Saniyarta ɗaya ta sayar aka yi layar nan. Na ce bari gobe in faɗa musu." Ya miƙo mini kwalbar. "Sai gobe ta zama littafi."

Yanzu muna gida, wata na huɗu ke nan. Yana takawa da sanda biyu daga falo zuwa ƙofar gida. Zazzaɓin ya tafi. In na kai kamfas kusa da kafaɗarsa allurar na motsi har yanzu, amma kaɗan. Wani lokaci da rana in ya zauna a bakin katifa sai in ga hannayensa sun koma baya da kansu sun sarƙe, sai ya lura ina kallo ya dawo da su cinya. Baffa ya daina zuwa majalisa. Duk wadda ta je masa neman laya sai ya aiko a ce ba ya nan, amma bai faɗa wa kowa dalili ba.

Baba ya faɗa mini labarin Istifanus daga farko har ƙarshe, na buga a kwamfuta, shafi goma sha ɗaya. Ya sa na karanta masa sau biyu, ya gyara sunan wani kogi. Sannan ya ce in adana.

"In na mutu ki kai a buga."

Ranar Larabar da ta wuce wata mata ta yi sallama. Ta zo da tsohon kwafin Bakwai Muka Fita a cikin leda, bangon duk ya tsufa. An ɗauki ɗanta aikin soja, wata mai zuwa za su gama horo. Ta je gidan Baffa sau uku ba ta same shi ba. Ta durƙusa a gaban Baba ta ce ya taimake ta da irin tasa, ɗan nan shi kaɗai gare ta, kuma yaron ya ce mata in ya samu layar Saja ko gaba aka sa shi ba zai sunkuya ba. Na zuba wa Baba ido. Ya ce mata ta dawo wani satin.

Da ta fita na ce masa likita ya ce zai iya kai shekara ashirin nan gaba, ni kuwa ba ni da haƙurin shekara ashirin, yaron matar nan ma ba shi da shi. Ya ce in na yi haka na tsiraita shi a gari. Na ce ai na riga na yanka rigar. Ya juya bango.

Ranar Asabar zan hau mota zuwa Sunkani da kwalbar da shafukan nan. An ce matar Istifanus na raye. Ita zan fara karanta wa, don ta riga kowa jin inda mijinta ya mutu da abin da yake faɗa. In ta ce tana son kwalbar, tata ce. Litinin zan kai shafukan wurin mai buga littafi, da hoton bayan babana a sa a bango. Matar nan kuwa Laraba za ta dawo, kuma ni zan buɗe mata ƙofa.